Ƙibar da Muka Yi wa Murna

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙanena Bashar, amma har yau in na ga matashi riƙe da lemon kwalba sai hankalina ya tashi. 'Ya'yana sun ce na cika takura. Ba su san tushen abin ba.

A Argungu aka haife mu, gidan masunta. Bashar tun yana ƙarami yake bin Baba kogi. Siriri ne kamar sillan kara, amma yakan tuƙa kwalekwale daga safe har azahar, ya sha fura, ya koma. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi na samu aikin buga takardu a Birnin Kebbi, ni da maigidana muka kama haya a unguwar Nasarawa. Ni na roƙi Inna ta ba ni Bashar ya yi sakandare a wurina. Yana da shekara goma sha huɗu.

Niyyata in hutar da shi wahalar kogi. Da safe shayi mai kauri da burodi, sukari iya son ransa. Makarantar ba nisa, amma kullum ɗan kabu-kabu ne zai kai shi a babur. In ya dawo, ga lemo a firji, ga cincin, ga bidiyo, sai kiran magariba ke tayar da shi. Cikin shekara biyu rigunansa suka matse. Da muka je gida hutu Inna ta rangaɗa guɗa ta ce, "Wanga yaro birni ya karɓe shi!" Ni kuwa baki har kunne. Ko baƙin da ya fito masa a bayan wuya dauɗa na ɗauka, na saya masa sabon soso.

Sai ƙishirwa ta fara, da yawan fitsari, da barci a aji. Wata maƙwabciya ce ta ja ni gefe ta ce ta ga kiyashi na taruwa a makewayi duk sanda ya fito. Na ji haushinta har kwana biyu kafin na kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne. Na ce ai wannan ciwon tsofaffi ne, yaron bai cika goma sha bakwai ba. Ya ce akwai gado a ciki, amma zama wuri ɗaya da zaƙi da maiƙo su suka gaggauto da shi. Ya ce in suga ya yi yawa a jini, a hankali yake cin jijiyoyi da ƙoda, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bashar ya yi ƙoƙari. Ya koma tafiya da ƙafa, ya shiga ƙwallon unguwa. Amma ƙuruciya ƙuruciya ce. Abokai suna tsokanarsa da "tsoho", sai ya riƙa ɓoye maganinsa, wani lokacin ya sha lemo a gabansu don kada a ce ya bambanta. A haka ya lallaɓa ya gama kwalejin fasaha. Ganinsa ya fara raguwa, daga baya ƙoda ta gaza. Yana da shekara ashirin da biyar muka rasa shi.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo Birnin Kebbi ta yau, me zai ce? A lokacinsa bidiyo a falo yake, ana iya kashewa. Yanzu yana cikin aljihun kowane yaro. Kowace kwana akwai mai soya taliya da ƙwai, ga lemon ƙara kuzari da yara ke sha kamar ruwan randa. Filin da yake ƙwallo ya zama shaguna. Autata Hauwa'u, mai shekara goma sha biyar, ko aiken bakin titi sai ta tsaya jiran keke mai ƙafa uku. Watan jiya na kai ta gwajin jini tana kumbure-kumbure. Sakamako ya yi kyau, alhamdulillahi, amma ban samu natsuwa ba, domin ƙawayenta da yawa ban san mai duba su ba. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, ni a gidana wutar ta ci.

Bashar bai bar mata ko ɗa ba. Takardar shaidar karatunsa tana cikin akwatina, bai yi aiki da ita ba ko na rana guda. Abin da ya bar mini magana ce. Kwana uku kafin ya cika, ina shafa masa ƙafafunsa da suka kumbura, na ce ya yafe mini, ni na ja masa. Sai ya ce, "Yaya, mi za ni yafe miki? Ke ma ba ki sani ba. Amma yanzu kin sani."

Allah ya jiƙan Bashar, ya sa ciwonsa ya zama kaffara. Ni dai tun daga ranar ban ƙara iya yin shiru ba.