Yadda Baba Ƙwal-kwabo Ya Dawo da Hannuwansa Sama

Shekara talatin da takwas Baba Ƙwal-kwabo ya yi yana aski a ɗan shagonsa da ke manne da na wani tela. Kujera ɗaya mai juyawa, madubai uku, fanka mai kukan tsufa, sai gwangwanin hoda. Sunan ya samo asali ne daga aikinsa: duk irin askin da ka roƙa, zai saurare ka da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya kwashe gashin tas. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ai kai ma ka huta." Abin alfaharinsa biyu ne a duniya: bai taɓa yanke kunnen kowa ba, kuma bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

Yana da shekara sittin da shida wata safiya ya farka ya ji kamar an ɗaure shi da igiya. Kafaɗu biyu, wuya, ƙugu, duk sun sage. Ya yunƙura zai tashi, gado ya ƙi sakin sa.

"Uwar yara," ya kira matarsa, "zo ki ga wani abu."

"Me zan gani?"

"Ni."

Ta kama hannunsa ta ja, ya yi ƙara. Sa riga kuwa sai da suka yi ciniki da ita, hannun dama ya shiga, na hagu ya ce shi ba yanzu ba. Sai wajen azahar jikin ke ɗan saki. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ya ce katifa ce. Aka sauya katifa. Ya ce fanka ce.

A shago abin ya fi muni, domin hannu ba ya wuce ƙirji. Da farko ya sauke kujera har ƙarshenta. Da hakan bai isa ba ya ce kujerar ta lalace, ya kawo 'yar kujerar tsuguno. Bayan sati biyu ya shimfiɗa tabarma, ya ce haka ake yi yanzu a ƙasashen da suka ci gaba.

Ranar da asiri ya fara tonuwa, wani hedimasta ne ya zo, dogo ƙwarai, wanda ko a zaune a ƙasa sai an ɗaga kai. Baba ya aske gefen dama, ya aske na hagu, ya aske ƙeya, ya dubi tsakiyar kai kamar mai duban saman bene. Ya miƙa hannu, kafaɗa ta ce a'a. Sai kawai ya karkaɗe ƙyalle ya ce, "An gama."

"An gama? Wannan tulin fa?"

"Ranka ya daɗe, yayi ne. Ya rage maka shekara goma."

Hedimasta ya fita yana shafa tukkunsa. Kafin la'asar samari bakwai sun yi layi suna neman irin na hedimasta. Mutumin da ya shekara talatin da takwas yana zagin masu tara gashi a tsakar ka, ga shi ya zama ubangidansu.

Tela ne ya gane. Yana leƙowa ya tarar mataji ya faɗi ƙasa, Baba na tsaye a kansa yana kallonsa kamar za su gaisa.

"Ɗauka mana, abokina."

"Na bar shi ya huta."

Da yamma tela ya je ya samu uwar yara, suka haɗa baki. Aka ce wa Baba za a je duba wani maƙwabci a asibiti. Sai da ya ji an kira shi ya gane shi ne maƙwabcin.

Likitar mace ce, mai fara'a amma ba ta ɗaukar wargi. Ta ce, "Baba, ɗaga hannuwanka sama." Ya ɗaga su daidai ƙirji, kamar mai tambayar nawa ne. Ta tambaye shi yadda safiya take masa, uwar yara ta amsa kafin ya buɗe baki. Aka ɗebi jini, sakamako ya nuna akwai kumburi a jiki. Likita ta ce sunan cutar polimayaljiya rumatika, tana kama masu shekaru, ta sagar da kafaɗu da ƙugu, musamman da safe.

"Likita, duk wannan sunanta ne, ko har da adireshinta?"

Ta yi dariya, ta rubuta masa maganin sitiroyid mai suna firednisolon. "Kullum da safe, bayan ka ci abinci. Za ka ji sauƙi da wuri, amma kada ka daina da kanka. A hankali za mu riƙa ragewa, zai iya kai shekara ɗaya ko biyu. In ka ji ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙi na ciwo in kana tauna, ko ido ya dushe, ka zo a ranar, ba gobe ba."

Da ya ga ƙwayoyin ya raina su. 'Yan mitsi-mitsi farare, ko maɓallin riga ya fi su girma. Ya ce mutum kamarsa allura ta dace da shi.

Kwana uku da farawa, uwar yara ta shigo da ruwan zafi za ta ja shi kamar kullum, ta tarar gado babu kowa. Yana falo a kan tebur yana goge fanka. Ya sauko da agogon bango, ya sake rataye shi, don kawai ya iya. A hanyar shago duk wanda ya gani sai ya ɗaga masa hannu har sama, tasi huɗu suka tsaya. Ya naɗe tabarma, ya ɗaga kujera, samarin nan suka zo gyaran tukku ya kwashe musu tas.

Sai dai maganin bai zo shi kaɗai ba, ya zo da yunwa. Burodin da ke isar gida duka ya zama nasa. Ya ci nasa, ya tambayi uwar yara ko ta ƙoshi, alhali yanzu ta sa hannu. Ga surutu, tun asuba ido biyu yana ba da labarin askin da ya yi shekara ashirin da suka wuce. Tela ya buɗa masa wando sau biyu. Kumatu suka cika, kuma mai madubi uku ba ya da wurin ɓuya.

"Abokina," in ji tela, "fuskar nan fa ta kusa fin ƙarfin madubi."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya ce ai ya warke, me ya rage? Kullum da safe sai ya kai hannu baki a gaban uwar yara, ya kurɓi ruwa, ya tafi da ƙwayar shago ya binne ta cikin gwangwanin hoda.

Kwana huɗu aka yi. A na biyar ga jiri, ga tashin zuciya, ga kasala, kafaɗu sun koma gidan jiya. Ya zo zama a shago ya maƙale a rabi, bai zauna ba bai tsaya ba. Tela ya ruga zai taimaka ya ture gwangwani, ƙwayoyi huɗu suka gangaro, sun sha hoda.

Wannan karon likita ba ta yi dariya ba. "Baba, in mutum ya daɗe yana shan wannan magani, jikinsa yana rage yin nasa na ciki. Ka yanke rana ɗaya, ka bar jiki babu nasa babu namu. Mutane na faɗuwa a haka. Kumatun za su sauka in mun rage. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunya, likita."

"Wa ya ce maka ka yi ƙiba?"

Tela, da ke bakin ƙofa, ya juya yana karanta wata takarda a bango.

Daga nan Baba ya bi doka. Uwar yara ta manna takardar ragin magani a jikin firji, kuma sai ta ce ya buɗe baki ta gani. Aka ƙara masa maganin ƙarfin ƙashi, ana auna sukarinsa da hawan jini, aka raba shi da rabin burodin. Sau ɗaya ciwon ya leƙo, likita ta mayar da shi mataki ɗaya baya, aka sake gangarowa. Bayan shekara ɗaya da wata takwas ya sha ƙwaya ta ƙarshe.

Amma tun kafin nan ya naɗa kansa mataimakin likita. Duk mai furfurar da ya shigo aski sai an gwada shi tukun. Wata ranar Asabar wata mai wucewa ta leƙa ta ga tsofaffi uku jere da bango, hannuwa a sama, ga mutum a gabansu da reza yana cewa, "Sama! Kada wanda ya sauke!" Ta ruga ta kira ɗan sanda.

Ɗan sandan ya shigo da zafinsa, aka yi masa bayani, ya huce. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, kai ma ɗaga mu gani." Ya ɗaga, hannu ya tsaya a kafaɗa. Baba ya girgiza kai cikin jimami, ya fara yi masa kwatancen ofishin likita. Tela ya zagayo ya taɓa hammatar rigar ya ce, "Wannan aikina ne. Rigar ce ta yi masa kaɗan." Ya ja shi shagonsa.