Baret a Ƙullin Kallabi

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Lamorde ta Yamai, kusa da jami'a. Damina ta ƙi a ƙauyuka, kogi ya janye har yashi ya fito a ƙarƙashin gada, mutane kuma sun koyi rage murya in ana zancen gwamnati.

Wata hantsi wata dattijuwa ta shigo da lulluɓi mai tsada. Ta ce mini fofo, gaisuwar Zabarmawa, sannan ta juya Hausa irin ta ƴan Yamai. Sai da ɗaliban da ke shagon suka fita ta kwance ƙullin kallabi a kan tebur. Baret ne a ciki, siraran allunan nan kore da ake soka wa kwamfuta don ta riƙe aikin da take yi. An ɓare musu takardar da ke faɗin girmansu, sai sauran danƙo.

"Ɗana, so nake ka faɗa mini abin da ke cikinsu," ta ce.

Na tambaye ta na wane ne. Ta ce na maigidanta ne, ma'aikacin gwamnati. Sojoji sun kira shi tambayoyi, bai dawo ba, ita kuma ta tsince su a ƙarƙashin hulunansa.

Daga unguwar Gudel ta ce ta fito. Me ya sa ta bar masu gyara na can ta tsallako kogi? A waje kuma wani mutum na zaune kan moto, wato babur, bai kashe inji ba. Na ce a raina turo ta aka yi a gani ko ina taɓa kayan gwamnati.

"Hajiya, baret ba ya ajiye komai. Da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya manta."

"To don me aka ɓare takardun?"

Na ce abin da zan iya kawai shi ne in faɗa mata irinsu da girmansu. Na duba inda tsagar ƙasan kowanne take, na ware tsohon yayi da sabo. Na ɗauko gilashin ƙara girma na karanta lambar da ke kan baƙaƙen ƙwayoyin, na ƙirga su gaba da baya. Da jiga ake auna girmansu, yawanci rabin jiga ne. Guda biyu lambarsu ta goge, dole sai an gwada a inji.

Ina kai hannu ta riƙe ni.

"Kwafewa za ka yi?"

Sai a lokacin na gane ita ma tsorona take ji. Na juya mata allon kwamfutar, na soka na farko. Ya nuna jiga ɗaya. Na biyu ya sa injin kuka ƙi-ƙi-ƙi, ta zabura har lulluɓinta ya zame. Na ce mata matacce ne. Ta tattara su duka har mataccen, ta fita. Mai moton bai bi ta ba. Ni dai na yi kwanaki ina leƙen titi.

Bayan an yi girbi wani mutum ya zo, ramamme, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce shi ne mijin dattijuwar nan, an sake shi. Ya kawo kwamfutar ƴarsa in ƙara mata baret ɗaya daga cikin waɗanda matarsa ta kawo mini. Ina aiki yana tsaye a kaina.

"Malam, ranar da iyalina ta zo, me ta ce maka?"

"Gaisawa muka yi, Alhaji, na duba mata kaya."

"Su wa ke shagon?"

Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai, ya rungumi kwamfutar ya tare taksi. Ban iya taɓa wani aiki ba ranar, na ja ƙofa tun kafin la'asar na tafi gida.