Jinin Baba Idi

Ni ɗan unguwar Banifandou ne, iyayena mutanen Maradi. Kafin in lalace, ni ake nuna wa yaran unguwa a ce su yi koyi da wane. Na koyi ɗibar jini, na samu aiki a wani ƙaramin labo, wato ɗakin gwajin jini, kusa da kasuwar Wadata. Hannuna ba nauyi, tsofaffi ma ba sa jin shigar allurata.

Ciwon hanta nau'in C gwajinsa hawa biyu ne. Na farko nan take muke yi, yana nuna ko jiki ya taɓa gamuwa da ƙwayar. In ya nuna, sai a yi na biyu, mai faɗin ko tana nan har yanzu. Wannan ba mu da na'urarsa. Aikina ne in sa jinin a sanyi, in kai wani babban labo, in karɓo sakamako bayan kwanaki.

Wata rana da bazara wuta ta ɗauke, firigo ya huce, jinin wani direba ya lalace. Tsoron faɗan maigida ya sa na buga masa takarda da kaina: ba a ga ƙwaya ba. Ya tafi yana murna. Na jira asirina ya tonu, shiru. Kuɗin gwajin kuwa suka kwana a aljihuna.

Daga nan abin ya zama sana'a. Na sa aka sassaƙa mini hatimi irin na babban labon. In ɗebi jini, in ce a dawo bayan mako don abin ya yi kama da gaskiya, in an fita in tuttule a magudana. Sai in dubi mutum, in ga ƙato mai cin tuwo, in ce wannan ai garau yake. Alhali na sani sarai ciwon nan a ɓoye yake cin hanta, shekara da shekaru, mutum na ta harkarsa.

Ana nan sai ga Baba Idi, tela a Wadata, aminin mahaifina. Gwajin farko ya nuna, likita ya ce ya yi na biyu.

"Na ce ba inda za ni sai wurin ɗana," in ji shi, yana naɗe hannun riga. "Jinina a hannun bare? Haba."

"To Baba, dunƙule hannu."

Ya kau da kai, don ba ya son ganin allura. Nasa kam na yi niyyar kaiwa, har na ware shi gefe. Amma na daɗe ban taka babban labon ba, in na je da kwalba ɗaya tak za a yi tambaya, maganar ta kai kunnen maigida. Kwana biyu tana cikin firigo. Ran na uku na zubar.

Da na miƙa masa takardar, ya yi ta sa mini albarka har mutane na waigowa.

Bayan shekara huɗu cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. A asibiti aka sake gwaji, ƙwayar na nan ta gama ɓarna. Wata likita ta karɓi tsohuwar takarda, ta kira labon da hatiminsa ke jiki, suka ce ba su taɓa jin sunansa ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Daga komisariyar 'yan sanda sai gaban alƙali.

A can likitar ta ce da an gano tun lokacin, ƙwayoyin magani na wata uku sun isa su warkar da shi. Na ji ta kamar rediyon maƙwabta. A gidan kaso labarin rasuwarsa ya iske ni ina cin abinci, na ci gaba har na suɗe kwanon. Ba taurin zuciya nake faɗa muku don alfahari ba, komai ne ya mutu a cikina.

Da aka sallame ni na je gaisuwa wurin matarsa, Inna Hajo. Na shirya wa zagi. Ta shimfiɗa mini tabarma.

"Har ya cika yana cewa na'ura ce ta yi kure," in ji ta. "Wai ɗansa ba zai yi masa haka ba."

Ta kawo mini ruwa, na sha.

Yanzu dako nake a kasuwa. Na tuba, ina roƙon gafara kullum, hawaye dai har yau sun ƙi zuwa. Waɗanda na tuna cikin mutanen da na cuta ina bin su ɗaya-ɗaya, in ce su je su sake gwaji. Wasu su tofa mini yawu, wasu su je.

Ku matasa, ban fara da niyyar kashe kowa ba, faɗan rana ɗaya na guje wa. In ka yi kure a wurin aiki, faɗi, a zage ka, ka wuce. In kuma mutum ya miƙo maka hannunsa ya kau da kai, ba shi da wani ido sai naka. Kai jininsa inda aka ce ka kai.