Kihin da Kaka ta ɗaga sama

Jiya na bi ta bakin kasuwa, ƙamshin bandar kifi ya buge ni, sai na ji hannuna ya kai kan kafaɗata ta hagu. Akwai ɗan tudu a wurin, bari ku ji dalilinsa.

Ina yaro, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, duk hutu daga Birnin Kebbi ake tura ni Argungu wurin Kaka. Hutun nan ya faɗo daidai nunar shinkafa, aikinmu korar tsuntsu a fadama. Ranar farko jakin Kawu ya kayar da ni a kan hanya. Na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗata ta hagu. Ba jini, kumburin ma kaɗan.

Ba wanda ya yarda na ji ciwo. Kawu ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ɗan birni, rana ɗaya har ka samo dabara?" Matarsa ta riƙa leƙena ta zana, wai ko za ta kama ni ina wasa da hannun. Ni kuwa ko riga ba na iya cirewa, sai dai in tallafe gwiwar hannun da ɗayan, kuma haka ake kora ni fadama.

Kaka kuwa ido kawai ta sa mini. Wata safiya ta zaro rajiya daga kan banda, tana maiƙo, kifin da ta san zan iya kokawa a kansa. Ta riƙe hannuna na dama gam, ta ɗaga kifin sama.

"Amshi, maigidana. Naka na duka."

Na yunƙura, hannun hagun ya ƙi tashi, hawaye ya zubo. Ta aje kifin, ta bi ƙashin da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa da yatsa, ta tsaya inda ya yi tsini.

"Kai!" ta ƙwala wa Kawu kira. "Yaron ga bai taɓa barin kihi ba. Karaya ta. Tai ka kiro mai ɗori."

Mai ɗori ya shafa, ya ce ƙashin ya riga ya fara kamawa a karkace. Ya ɗaure kafaɗun baya da zane, ya rataye hannun a wuyana. Tudun ke nan.

Yanzu hoto ake ɗauka a asibiti a ga komai. Shekaranjiya ɗiyata ta ce hannunta na ciwo, safiyar makaranta. Na ɗaga mata biskit sama, ta cafe. Duk da haka sai da na kai ta hoto.