Direban da ya fi mai faci sanin iska

Muna tashar Ƙaura da azahar, direbanmu ya tsaya a kan mai faci: "Ƙara wa tayar nan iska, gero na lafta."

Mai faci ya ce, "Alhaji, ta isa haka. Kwalta ta ɗau zafi, in kun yi nisa iskar ciki kumbura za ta yi."

"Shekara ashirin ina tuƙi, kai za ka koya mini? Ƙara!"

Ko rabin hanyar Shinkafi ba mu kai ba, sai ji kake dam! Taya ta fashe, mota ta yi cikin gona, da ƙyar ta tsaya, a dajin da kowa ke addu'ar wucewa lafiya.

Gogan naku ya fito yana wai ƙaddara ce.

Jama'a, ku gaya mini, ƙaddara ce ta ce "ƙara"?