Kwana Uku a Jere

Kalmomi bakwai mushen Angale, wato malaminmu na Ingilishi, ya rubuta mana a tabulo ranar wata Litinin, kuma duk bakwai ɗin abu guda suke faɗi: abin da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ina koleji a Filinge, ajin da muke ce wa katiriyam, shekarata goma sha shida. Mushen ɗan Yamai ne, siriri, mai son aikinsa har ya gundure ka. Ya ce masu Angale kalma ɗaya ba ta isarsu. Akwai ta kwanakin da suka biyo juna ba tsallake, akwai ta sarakunan da wani ya gaji wani, akwai ta abin da aka jera da gangan. Biyu sun yi kama da Faransanci, waɗannan ba wuya. Sauran biyar sai ka murɗe harshe. Ya ce ranar Juma'a kowa zai tashi ya kawo su da ka, kowace da misalinta, mako mai zuwa kuma kompo, jarrabawar ƙarshen shekara.

Ni abin dariya ya ba ni. Mu ma muna da a jere, muna da bi da bi, ba wanda ya taɓa tsayar da mu gaban aji a kansu. Amma na kwafe su tsaf a takarda, don ina son Angale, kuma ba ni da damar wasa. Na riga na maimaita aji sau ɗaya. Wanda ya sake faɗuwa, sai gida.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na fita bayan gidan da nake zaune, na tona ƙasa da hannu. Laima har wuyan hannu. Ruwan shibka ne, ba tantama.

Wanda bai taso a ƙasarmu ta Kurfai ba sai ya ɗauka shibka abu ce da ake ɗagawa zuwa Asabar. Gonarmu jigawa ce, rairayi zalla. In ruwan farko ya sauka kwana uku gare ka, ran na huɗu ƙasa ta bushe, sai ka zauna jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Babana ya rasu shekara biyu kafin nan. Irin da Inna ta ajiye kaɗan ne, shi ya sa ba ta yarda ta binne shi a busasshiyar ƙasa ba kamar yadda wasu ke yi. Namijin da zai riƙa mata sungumi kuwa ni kaɗai ne.

Lakwal, wato makarantarmu, tana da dokarta, kuma na san ta sarai: wanda ya yi fashin kwana uku a jere ba takardar likita, ba zai zauna kompo ba. Ƴan gari sun san maganin dokar. Gonakinsu na nan bakin gari, sai su leƙo rana ta biyu su amsa suna su sulale. Ƙauyenmu tafiyar awa huɗu ce da ƙafa. Na ninke takardar kalmomin na sa a aljihu, da sassafe na kama hanya.

Na iske Inna a gona da ƙwaryar iri, tana ƙoƙarin saran ramuka da kanta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta miƙo mini sungumi ta ce, "Ka zaka." Ba ta tambayi lakwal ba. A tunaninta ba mahalukin da zai riƙe yara cikin ɗaki ran da ruwan shibka ya sauka, lalle sakinmu aka yi. Ni kuma ban gyara mata ba.

Ina gaba ina sara, taki ɗaya rami ɗaya, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. A nan na haddace kalmomin. Kowane sara kalma guda, in na kai bakwai in koma farko. In wata ta ɓace mini sai in zaro takardar a ƙarshen layi in duba, har gumi ya cinye rubutun. Inna ta ji ina gunaguni ta ɗauka tasbihi nake, ta ce Allah shi karɓa. Talata, Laraba, Alhamis. Kafin magariba ta Alhamis muka rufe ramin ƙarshe, hannuwana duk sun yi ruwa sun fashe.

Ranar Juma'a ina bakin lakwal kafin a buga ƙararrawa. Mushen Angale ya tare ni gindin itacen bedi, ya ja ni gefe.

"Darakta na nemanka," ya ce. "Ka ce masassara ta kama ka. Ni da kaina zan kai ka likita a rubuta maka takarda. Kowa haka yake yi."

"Mushe, lahiyata lau. Shibka na tahi."

"Na sani. Ka ce masassara."

Mutumin kirki ne, kuma taimakona yake so ya yi, ban taɓa musun wannan ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga yadda masassara ta gaskiya ta yi da babana, ba zan kira wa kaina ita da bakina ba. Abin da ya fi ci mini rai kuma, wai kwanciya ciwo uzuri ne, ciyar da uwarka ba uzuri ba ne. In na ce ciwo na yi, na yarda ke nan abin da na yi abin kunya ne da sai an ɓoye.

Darakta na zaune bayan teburinsa da littafin kiran suna a buɗe.

"Ina ka tahi kwana ukku?"

"Gona, Mushe."

"Takarda?"

"Ba a ba da takarda a gona."

Ya cire tabarau. Bai yi faɗa ba. Ya ce doka ba shi ya yi ta ba, in ya ƙyale ni yau, baɗi ruwa na sauka aji zai watse. Ya sake tambayata, a hankali, ko dai jikina bai yi zafi ba ko da rana ɗaya. Ƙofa ce ya buɗe mini, na gan ta kuma. Sai na ji bakina yana cewa, "Mushe, hatsin da kake ci, duk ran Lahadi anka shibka shi?"

Ya mai da tabarau ya ja layi a kan sunana.

Mushen Angale ya roƙa a bar ni in kawo kalmomin ko da daga bakin ƙofa. Na tsaya nan, ba ciki ba waje, na jero su bakwai ba gargada, kowace da misalinta. Misalan duk daga gona na ɗebo su: ramuka, layuka, kwanaki, shekarun da Inna ta yi tana noma ita kaɗai. Mushen ya ba ni makin da ya fi na kowa, ya rubuta shi cikin littafinsa, inda ba zai yi mini amfanin kome ba. Aka yi kompo babu ni. Ƙarshen wata aka ba ni takardar sallama.

Yau gyaran babura nake yi a bakin kasuwar Filinge. Wasu ƴan ajinmu na ofis a Yamai, in sun zo gida su kan tsaya su ce kash, da na ce masassara. Sai in ce musu su kawo babur in akwai gyara. Na yi baƙin cikin barin lakwal, na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, amma da za a mai da ni ofishin nan abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Ran da na koma ƙauye da akwatina, hatsi ya fito kore shar, Inna na duƙe tana cire ciyawa. Ta dubi akwatin, ta dube ni. Na san in na faɗa mata dalili, kowace loma ta tuwon bana sai ta tsaya mata a wuya.

"Inna, na faɗi jarrabawa," na ce.

Ta ce, "Ba kome. Ba kowa Allah ka ba kan karatu ba."

Inna ta yi shekaru da yawa a raye bayan nan. Ina ji da kunnena tana gaya wa mata a bakin rijiya cewa ɗan nata akwai ƙarfi, akwai zuciya, boko ne dai kansa bai ɗauka ba. Da wannan ta rasu, kuma ni na bar ta da shi.