Yadda Baba ya koma bin jana'iza

Zuciyar Babanmu ta tsaya ne a layin awon jini a asibiti, kuma ban taɓa ganin dogon layi ya amfani wani a gidanmu ba sai ranar. Ya zame daga benci, ma'aikata suka rufu a kansa, suka yi ta danna ƙirjinsa, suka jona masa na'ura, Allah ya dawo mana da shi. Ni ce 'yarsa ta fari, ina gefensa ranar sallama, da kunnena na ji likita ta ce, "Baba, sai ka riƙa tafiya da ƙafa kullum, a hankali. In ka kwanta, zuciyar ma kwanciya za ta yi, kuma ba lallai a sake tada ta ba."

Baiwar Allah, likitar nan ba ta san unguwarmu Makera ba.

Baba ya tsufa a masaƙa kafin a rufe ta, rabin unguwa a hannunsa suka koyi aiki. To wa zai bar irin wannan mutum ya taka ƙasa? Ranar farko ya saka takalmi, ya fita, ko kwanar layinmu bai kai ba wani ɗan acaba ya ci burki. "Subhanallahi! Baba, muna raye? Hau!" Baba ya ce motsa jiki yake yi. Yaron ya rantse ba zai gusa ba. Haka aka zaga da shi kan babur aka dire mana shi a ƙofar gida. Babur ɗin dai ya motsa jiki.

Kashegari maƙwabcinmu ne, mutumin Binuwai, abokin aikinsa tun suna samari. Ya tare shi da tsohuwar motarsa, har da ƙwalla. "Haba oga! Ka mutu ka dawo, kuma kana yawo a rana? God forbid!" Matarsa kuwa ta biyo baya da farfesun ganda, man na iyo a sama, wai na mai ciwon zuciya ne.

Ni kuma na zama muguwar unguwa. Wata gwaggonmu ta taso takanas daga Unguwar Mu'azu ta faɗa mini cewa ana zagina a gari, wai na kori tsoho titi don in huta da jinya. Na ce, "Gwaggo, likita ce ta ce." Ta ce, "Likita ce ta haife ki?" Wallahi sai da na shiga bayi na yi kuka, don in na buɗe baki a lokacin, zumunci ya ƙare.

Baba ba ya iya cewa a'a ga wanda ya girmama shi. Ya daina fita. Ƙafafunsa suka kumbura kamar burodi, daga ɗaki zuwa buta sai ya tsaya yana haki. Masu dubiya suna yaba shi, wai yanzu ya san ciwon kansa. Ni kuwa tsoro ya cika ni, ina kallon ƙauna tana kashe mini uba a kan tabarma.

Ana haka aka yi rasuwa a bayan layinmu. Bayan sallar gawa aka ɗauki makara a kafaɗa, Baba ya bi sahun baya, yana tafe yana hutawa. Ko mutum ɗaya bai ce masa hau ba. Wa ya isa ya hana dattijo ladan rakiya? Ya dawo jiƙe da gumi, ya ci tuwo kamar wanda ya yi noma.

Shi ke nan, Baba ya samu wurin motsa jiki. Kowace safiya tambayarsa ɗaya ce: "Yau ba a yi sanarwa a masallaci ba?" Wanda ya sani da wanda bai sani ba, har na Tudun Wada, duk yana raka su. Unguwa ta ce ciwo ya ƙara masa tsoron Allah. Kumburi ya saɓe, likita ta duba shi ta ce duk abin da yake yi ya ci gaba. Ban gaya mata ba.

Amma abin na ci mini rai. Wata rana yana ɗaura takalmi na ce, "Haba Baba, mutumin da ya leƙa lahira ya dawo, kullum sai maƙabarta? Gabana faɗuwa yake yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, hanyar nan dole in bi ta. Ko in tafi da ƙafata, ko a kai ni a kafaɗa. Wanne kika zaɓa mini?"

Na miƙa masa hularsa da gorar ruwa. Har yau in an tafi kai gawa, ina tsaye a zaure, ina leƙen masu dawowa har sai na hango shi, can a baya, yana tafe a hankali.